Ranar da Inuwa ke Ɓata a Garinmu

Sau biyu a shekara, a nan ƙasar Ringim, inuwa kan ɓace da tsakar rana. Babu hadari, babu hazo, rana na nan ƙwal a sama, amma in ka kafa turke a miƙe ka duba gindinsa, wayam. Na farko kan faɗo wajen 22 ga Afrilu, na biyu wajen 21 ga Agusta, tsakanin ƙarfe 12:20 da 12:30. Na Agusta sau da yawa gajimare kan rufe shi. Na Afrilu kuwa zafi ne ke hana mutane lura, don a wannan sa'ar kowa na gindin darbejiya yana fifita, awaki kuma na bin jikin katanga suna neman inuwa sun rasa.

Mutumin Landan bai taɓa ganin wannan a garinsu ba, haka ma na Alƙahira. Ko a Madina ba a samu, don ta ɗan haura iyaka. Rana ba ta tsayawa daidai bisa kan mutum sai a tsakanin digiri 23.4 arewa da layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya biyu arewa da kudu, da digiri 23.4 kudu da shi, mu kuwa muna kan digiri 12 da 'yan kai ne ta arewa. Wato dai muna zaune a inda za a iya ganin abin da ido, amma yaranmu a littafi suke haddace shi.

Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo. Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, kuma ba zan yi kukan wannan a nan ba, don babin rana da wata da duniya bai taɓa buƙatarsa ba. Abin da ke damuna shi ne, yaro zai rubuta maka "duniya a karkace take da digiri 23.5" babu kuskure ko ɗaya, ya ci makinsa, amma ka tambaye shi ta wane gefe inuwar rumbunsu take faɗuwa da azahar a watan Yuni, sai ya tsaya yana kallonka. Shi ya sa na sa mai walda ya yanko mini rodi, muka kafa shi a siminti a bayan aji, tsawonsa daga ƙasa mita ɗaya cif. Da zare da dutse a ɗaure muka tabbatar bai karkace ba. Aikin yara kawai shi ne su bi kan inuwar da alli daga hantsi har ta kai iyakar gajartarta, su auna, su rubuta ta ina ta nufa.

Ga abin da rodin ke bayarwa. A ƙarshen Disamba, inuwar tsakar rana takan kai wajen santimita 72, ta nufi arewa. Daga nan sai ta riƙa tsukewa, wajen 21 ga Maris ta dawo santimita 21 ko 22. A Afrilu ta ɓace. Bayan nan sai ta ɓullo ta ɗaya gefen, ta nufi kudu, ta yi ta tsawo har zuwa santimita 20 a wajen 21 ga Yuni, sannan ta juyo. A Agusta ta sake ɓacewa, ta koma arewa, ta kama hanyar Disamba. Yaran da suka ga inuwa ta sauya gefe da idonsu ba na sake shan wahalar yi musu bayanin karkata.

Wanda ya fi kowa jin daɗin rodin nan ba ɗalibi ba ne, ladanin unguwarmu ne, dattijo da ya haura saba'in. Ya tsaya wata rana yana kallon yara suna awo, sai ya ce, "Malam, wannan ƙarfen da ka kafa, ai mu da ƙafa muke yi."

Na ce, "Baba, yaya ake yi?"

Ya cire takalmi ya juya wa rana baya, ya dubi inda inuwar kansa ta tsaya, ya sa wani yaro ya ajiye tsakuwa a wurin. Sannan ya taka, dunduniya na taɓa babban yatsa, yana ƙirgawa. Ya ce tsawon mutum ƙafarsa bakwai ne. La'asar kuma tana shiga ne idan inuwa ta kai tsawon mai ita, bayan an ɗora inuwar da ta rage a lokacin zawali. "Da tsananin sanyi," in ji shi, "zawali kan bar ƙafa biyar. To ka ga la'asar sai ƙafa goma sha biyu. Da bazara kuwa ba ya barin komai, bakwai ta ishe ka."

Na ɗauki alli na buga a ƙasa: kashi 72 cikin 100 na bakwai, biyar ke nan da ɗan burbushi. Abin da rodina da tef ɗina suka ba ni, shi ne abin da ya karɓa daga mahaifinsa tun ba a san agogon hannu a garin nan ba. Yanzu dai shi ma jadawalin da ke manne a bangon masallaci yake dubawa, kuma ban san wani matashi a unguwar da ya iya wannan awon ba.

Dalilin wannan kai-komo na inuwa guda ɗaya ne. Duniya na juyawa a kan kanta sau ɗaya a yini da kwana, tana kuma zagaya rana sau ɗaya a shekara, amma sandar da take juyawa a kai ba a tsaye take ba, ta karkata da digiri 23.4, kuma kullum gefe guda take nunawa. A aji nakan soke lemo da tsinken tsire, in ajiye fitilar caji a kan tebur a tsakiya, in ba yaro lemon ya zagaya fitilar, da sharaɗin kan tsinken kada ya daina nuna kusurwar aji guda. In ya je wani gefen, rabin lemon na sama ne ke sunkuyo wa fitila. In ya je ɗaya gefen, na ƙasa ne. Shi ke nan Yuni da Disamba. Kusurwar da tsinken duniya ke nunawa ma ana ganinta: tauraron arewa, wanda ba ya gusawa duk dare. A nan yana can ƙasa-ƙasa, digiri 12 kawai daga doron ƙasa, sai ka fita bayan gari inda babu itatuwa, kuma a daren da babu ƙura.

Kowace shekara sai an sami wanda zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai da bazara rana ce ke saukowa kusa." Hankali na karɓar wannan, amma lissafi ya ƙi. Duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, kilomita miliyan 147, lokacin da muke ƙudundune a bakin wuta. Ta fi nisa a farkon Yuli, kilomita miliyan 152. Abin da ke aiki shi ne ta yadda hasken ke sauka. Haska tocila a bango kai tsaye, za ka ga ɗan da'ira mai ƙarfi. Karkata hannunka, hasken nan dai shi ne, amma ya bazu ya yi rauni. Da tsakar ranar Disamba rana kan tsaya a digiri 54 ne daga doron ƙasa, don haka kowane taku na gona yana samun wajen kashi huɗu cikin biyar na abin da zai samu a Afrilu. Ga yini ya gajarta zuwa awa 11 da minti 25, alhali a Yuni yakan kusa awa 13. Sai dai a gaskiya wannan bambancin a wurinmu bai kai na ƙasashen Turai ba. Sanyin hunturunmu da hannun iskar da ke busowa daga Sahara a ciki: ƙurarta na tare hasken rana, bushewarta kuma na barin zafin ƙasa ya tsere sama da dare.

Tambayar da ta fi wannan kyau wata yarinya ce ta yi ta, 'yar aji biyu. Ta ce in dai tsayuwar rana bisa kai ce ke kawo zafin Afrilu, me ya sa Agusta ba ta zafi haka, ga shi ita ma inuwa na ɓacewa? Amsar tana cikin randar gidansu. Ruwa ba ya zama tururi sai ya ci zafi mai yawa: zafin da ake buƙata a ƙafar da lita ɗaya ya ninka fiye da sau biyar wanda zai kai litar nan daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. A Afrilu ƙasa a bushe take ƙamas, duk abin da rana ta zubo sai ya tafi wajen gasa ƙasa da iska. A Agusta gajimare ya tare wani kaso tun daga sama, wanda ya iso kuma ya tarar da jiƙaƙƙiyar ƙasa da ganyen gero da dawa, sai ya ƙare wajen busar da ruwa. Randa ma da haka take sanyaya ruwa, ta hanyar zufar da ke tsattsafowa ta jikinta. Da wannan ka'idar ce Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa a Dutse, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da yalo da alayyafo, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Masu haɗa sola ma da inuwar nan suke aiki, ko sun sani ko ba su sani ba. Dubi farantan da ke kan rijiyar burtsatse ko shagon cajin waya, in wanda ya iya ne ya ɗora, za ka ga sun ɗan kwanta sun fuskanci kudu. Wata takwas cikin sha biyu rana ta kudu da mu take bi da tsakar rana.

Akwai kuma batun agogo. Yara kan yi mamakin ganin inuwa ba ta kai iyakar gajartarta da ƙarfe 12:00. Agogon Najeriya an saita shi ne a kan layin digiri 15 gabas, wanda ya bi ta cikin Chadi, mu kuwa muna kan digiri 9 da ɗan ƙari. Duniya na juya digiri ɗaya a minti huɗu, don haka rana kan makara wajen minti 23 kafin ta iso kanmu. Wannan lissafin ne ya sa da azumi mutanen Maiduguri ke riga Kano shan ruwa da wajen minti 18, Kano kuma ta riga Sakkwato da wajen minti 13.

Abin da ya fi burge ni a duk harkar rodin nan shi ne da shi ake auna girman duniya. Wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa, wani masani a Iskandariya ta Masar mai suna Eratostenes ya ji cewa a garin da yanzu ake kira Aswan, akwai ranar da rana ke haska har gindin rijiya da tsakar rana, wato ranarsu ta ɓatan inuwa. A wannan ranar ya auna inuwa a Iskandariya ya sami kusurwar digiri 7.2, kashi ɗaya cikin 50 na da'ira. Sai ya ce ashe tazarar garuruwan biyu kashi ɗaya ce cikin 50 na kewayen duniya. Halifa Ma'amun na daular Abbasiyya ma wajen shekarar 830 ya tura masana falaki filin Sinjar a Iraƙi suka auna tsawon digiri ɗaya a ƙasa da igiya da taku.

To wani abin daɗi, tsakanin Ringim da Kalaba ma digiri 7.2 ne, kuma Kalaba kusan kudu sak take da mu. Akwai wani ɗan bautar ƙasa da ya yi aiki a makarantarmu, mutumin can ne. Ranar da inuwa ta ɓace a nan, na kira shi ya kafa sanda mai mita ɗaya a ƙofar gidansu, ya jira ta kai iyakar gajarta. Ya turo hoto ta WhatsApp: kusan santimita 13, ta nufi kudu. Tazarar garuruwan a miƙe wajen kilomita 800 ce. Na bar yara suka ninka da 50 da kansu, suka sami 40,000, wanda shi ne abin da ke cikin littafinsu. Ajin ya kaure da ihu har sai da shugaban makaranta ya leƙo.

Wani yaro mai kaifin kai, wanda yayansa ke cikin masu gardamar Facebook a kan wai duniya a shimfiɗe take, ya ce ai ko a shimfiɗe take, in rana na kusa za a sami bambancin inuwa. Kuma gaskiyarsa, in garuruwa biyu kawai aka auna. Amma ƙara na uku da na huɗu, ka ce Jos da Damagaram da Agadas, sai lissafin shimfiɗa ya watse, kowane gari ya ba ka nisan rana daban. Lissafin ƙwallo kuwa duk ya haɗa su a kan amsa guda. Na fi son irin wannan yaron a kan goma masu gyaɗa kai.

Makka tana kan digiri 21.4, don haka ita ma tana da ranakunta biyu: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A wannan mintin rana na bisa Ka'aba daidai, saboda haka duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. Ka kafa sanda a miƙe, ka ja layi daga kan inuwar zuwa gindin sandar, ka samu. A yankinmu layin kan kauce wa gabas ta ainihi da wajen digiri 22 zuwa arewa. Mai shirin aza harsashin masallaci ya riƙe ranakun nan, sun fi manhajar waya da ƙarfen rodi ko kwanon rufi ke ruɗawa. Tsofaffin masallatai kuwa, wannan maganar liman ce da malamai, ba tawa ba.

Wata fa? Yawancin ɗalibaina kan zo da tunanin cewa inuwar duniya ce ke cin wata har ya zama jinjiri. A'a. Kullum rabin wata na cikin hasken rana, rabi na cikin duhu, abin da ke sauyawa shi ne yawan gefen hasken da ke kallonmu yayin da yake zagaya duniya. Daga tsayuwa zuwa tsayuwa kwana 29 da rabi, shi ya sa wata kan yi 29 ko 30, shekarar Hijira ta kama kwana 354, azumi kuma ya riƙa matsowa da wajen kwana 11 har ya zagaye damina da rani a shekara 33. Inuwa ba ta shigowa sai a husufi. Wata ya shiga inuwar duniya a daren sha huɗu ko sha biyar, husufin wata ke nan. Inuwar wata ta faɗo kan duniya a ƙarshen wata, kusufin rana ke nan. Ba ya faruwa kowane wata ne saboda hanyar wata ta karkace da wajen digiri 5, galibi sai ya bi ta sama ko ta ƙasan inuwar. Ranar Juma'a 27 ga Yuli 2018 da dare wata ya yi awa ɗaya da minti 43 gaba ɗayansa cikin inuwar duniya, ya yi ja jawur, yara na ta kaɗa gwangwani a unguwa wai rana ta kama wata, manya kuma suka nufi masallaci. Wanda ya lura da bakin inuwar lokacin da take hawa kan watan ya ga a lanƙwashe take, kuma a kowane husufi haka take.

Na rana kuwa, wanda ya yi wayo a 2006 ba zai manta Larabar 29 ga Maris ba. A Gusau da Katsina rana ta rufe ruf da hantsi. A nan saura ɗan siririn baki ya rage, gari ya yi wani irin dishi-dishi, kaji suka rikice. Rana ta fi wata faɗi sau 400, ta kuma fi shi nisa sau 400, shi ya sa yake iya rufe ta daidai wa daida. Abin da na fi tunawa a ƙasa yake, ba a sama ba. Ɗigo-ɗigon hasken da ke gindin darbejiya, waɗanda kullum a zagaye suke, duk sun koma siffar jinjirin wata, ɗaruruwa, a kan tabarma da jikin bango. Kowace 'yar kafa tsakanin ganye tana zana hoton rana ne a ƙasa, saboda haske a miƙe yake tafiya. Ibnul Haisam, masanin ilimin haske wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi rubutu a kan wannan siffa ta kusufi da ke bi ta ƙaramar huda zuwa ɗaki mai duhu.

Akwai wani na tafe ranar Litinin 2 ga Agusta 2027. Zai rufe rana gaba ɗaya a Luksor ta Masar da Jidda da Makka, mu kuma a nan za mu ga ya ci wani ɓangare da hantsi, in gajimare ya bari. Kada kowa ya kalle shi da ido tsirara, ko da baƙin tabarau, ko gilashin da aka shafa wa hayaƙi, ko tsohon hoton asibiti. Can cikin ido, inda haske ke sauka, ba ya jin zafi, sai ya ƙone mutum bai sani ba. A huda kwali da allura, a juya wa rana baya, a bar hasken ya faɗa kan farar takarda. Ranar za ta faɗo cikin dogon hutu, yara na gona, don haka tun a zangon karatu na uku zan sa kowa ya huda kwalinsa ya tafi da shi gida.